Neman Asalin Dangi a Tsoffin Takardun Ƙidaya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu neman salsalar danginsu suka fi yi da zarar sun fara buɗe takardun ƙidaya. Yawancin misalan daga Amurka, Ingila, Ailan da Kanada muka ɗauko su, domin can ne aka adana takardun gida-gida masu ɗauke da sunaye, aka kuma buɗe su ga kowa. Hanyar aikin dai ɗaya ce duk inda irin takardun suka tsira.

Wace takarda ake nufi, kuma me zan samu a cikinta?

Ƙidaya tana barin abu biyu. Akwai rahoton da gwamnati ke bugawa, mai jimillar maza da mata na kowace gunduma, wanda babu sunan kowa a ciki. Akwai kuma takardun da aka cika gida-gida, layi ɗaya ga mutum ɗaya. Na biyun ne abin nemanka. A ciki za ka ga sunan maigida da na duk wanda ke ƙarƙashin rufinsa, da shekarunsu, da sana'arsu, da inda aka haife su, wani lokaci har da dangantakar kowa da maigidan da adireshin gidan.

Ka riƙe abu guda tun daga farko: abin da ke kan layin nan shi ne abin da wani ya faɗa a bakin ƙofa a rana ɗaya, wani kuma ya ji ya rubuta. Ba a nemi kowa ya kawo takardar haihuwa ba. Amfanin ƙidaya shi ne tana haɗa maka iyali wuri guda a lokaci guda, ta nuna maka inda za ka je neman shaidar haihuwa, ta aure da ta mutuwa. Ita kanta ba ta isa hujja ba sai wata takarda ta mara mata baya.

Kowace ƙasa ce ke da irin waɗannan takardu?

A'a. A wurare da yawa lissafin kawuna kawai aka yi, ko aka ƙiyasta daga masu biyan haraji, don haka babu sunan da za a nema. Wasu ƙasashen sun rubuta sunaye amma suka lalata takardun da gangan bayan sun gama lissafi, kamar yadda Ostiraliya ta daɗe tana yi don kare sirrin jama'a. Ƙidayar New South Wales ta 1828 tana cikin kaɗan da suka rage a can.

Inda aka yi sa'a kuwa, akwai abin karantawa sosai. Amurka tana ƙidaya duk shekara 10 tun 1790. Ingila ta fara a 1801, amma sai 1841 aka soma adana sunan kowa. Faransa tana da jerin sunayen mazauna kowane gari, galibi duk shekara 5 tun 1836, a ma'adanar kowane lardi. Norwe tana da ta 1801, 1865, 1900 da 1910 kyauta a intanet. Ajantina tana da ta 1869 da 1895, Meksiko ta 1930. A Rasha, rijistar masu biyan harajin kai da aka yi sau 10 tsakanin 1719 da 1858 ita ce ke tsayawa a madadin ƙidaya. Kafin ka ɓata lokaci, ka fara bincika shafin ma'adanar takardun tarihi ta ƙasar da kake nema, ka ga wace shekara ce ta tsira kuma wane yanki ta ƙunsa.

Daga ina zan fara?

Daga kanka, ka koma baya. Ka zauna da tsofaffin dangi ka rubuta cikakkun sunaye, da laƙabi, da garuruwan da aka zauna, da sunayen 'yan'uwan kaka da kakan, ko da ba ka ga amfaninsu ba yanzu. Abin da kake buƙata shi ne mutum ɗaya da ka tabbata yana raye a ƙidayar ƙarshe da aka buɗe, tare da garin da yake a lokacin. Idan ka same shi a 1950, sai ka nemi gidan a 1940, sannan 1930, a jere, ba tsallake. A wata shekarar zai bayyana yana yaro a gidan mahaifinsa, ka samu sunan uwa da uba, daga nan ka ɗauki nasu sawun.

Kuskuren da ya fi cinye wa mutane lokaci shi ne fara wa daga sama: mutum ya ga wani mai sunan danginsu a 1850, ya yi ta ƙoƙarin saukowa da shi har kansa. Mutum ɗaya na 1850 yana iya barin ɗaruruwan jikoki da tattaɓa-kunne, kai kuwa uba ɗaya da uwa ɗaya gare ka. Hanyar komawa baya ita ce mai ƙarancin rassa.

Me ya sa ba na ganin ƙidayar 'yan shekarun nan?

Doka ce ta rufe su. Amurka tana jira shekara 72, shi ya sa aka buɗe ta 1950 ranar 1 ga Afrilu 2022, ta 1960 kuma sai 2032. Kanada shekara 92, ta 1931 ta fito a watan Yuni 2023. Ingila da Wales shekara 100, ta 1921 ta fito a Janairu 2022.

Wace shekara ce ta fi ba da bayani?

Tambayoyin sun riƙa canzawa, don haka kowace ƙidaya da abin da take ba ka wanda sauran ba su da shi. A Amurka, ta 1850 ce ta fara kawo sunan kowane ɗa mai 'yanci a gida. Ta 1880 ta ƙara dangantaka da maigida da inda aka haifi uwa da uba. Ta 1900, a ganinmu, ita ce mafi albarka: tana da wata da shekarar haihuwa, shekarun da aka yi da aure, yawan 'ya'yan da mace ta haifa da yawan waɗanda ke raye, da shekarar da baƙo ya shigo ƙasar. Ta 1920 tana da shekarar da mutum ya zama ɗan ƙasa. Ta 1930 ta tambayi shekarun mutum lokacin aurensa na fari, wanda yakan tona auren da dangi suka manta da shi. Ta 1940 ta tambayi inda mutum yake zaune ranar 1 ga Afrilu 1935.

A Ingila, ta 1841 ba ta da dangantaka, kuma game da wurin haihuwa abin da ta tambaya kawai shi ne ko a wannan lardin aka haifi mutum, ko a Sikotland, Ailan ko ƙasar waje. Daga 1851 aka samu dangantaka, da shekaru daidai, da sunan garin haihuwa. Ta 1911 ta bambanta da duk waɗanda suka gabace ta domin takardar da maigida ya cika da hannunsa ce aka adana, da sa hannunsa a ƙasa. Ta 1921 ta kawo shekaru da watanni, da sunan wanda mutum ke wa aiki da adireshin wurin aikin.

Lissafin 'ya'yan nan na 1900 da 1910 a Amurka da na 1911 a Ingila kada ka wuce shi da sauri. Idan an rubuta mace ta haifi 9, 6 ke raye, kai kuwa sunaye 6 ka sani, to akwai yara 3 da aka haifa suka rasu, wataƙila tsakanin ƙidaya biyu, ba su taɓa bayyana a kowace takarda ta gida ba. Sai ka neme su a rijistar haihuwa da ta mutuwa, inda sau da yawa za ka samu sunan dangin uwar kafin aure.

Shekarun kakana ba su dace ba daga wannan ƙidaya zuwa waccan. Mutum ɗaya ne kuwa?

Mai yiwuwa shi ne. Ka fara duba ranar ƙidayar, domin ba kullum ake samun shekara 10 cif tsakaninsu ba. A Amurka ta 1900 ranar 1 ga Yuni ce, ta 1910 ranar 15 ga Afrilu, ta 1920 ranar 1 ga Janairu, ta 1930 ranar 1 ga Afrilu. Wanda yake da 30 a 1910 yana iya zama 39 a 1920, ya zama 50 a 1930, kuma babu wanda ya yi kuskure. Ga yadda ake lissafin: mai shekara 34 a ranar 1 ga Yuni 1880, an haife shi tsakanin 2 ga Yuni 1845 da 1 ga Yuni 1846. Kullum shekaru biyu ne ke yiwuwa, sai ka rubuta duka.

Ta 1841 ta Ingila tana da tata matsalar. An umurci ma'aikata su rage shekarun duk wanda ya haura 15 zuwa biyar-biyar, don haka 40 tana nufin ko'ina daga 40 zuwa 44. Wasu ma'aikatan ba su bi umurnin ba suka rubuta daidai, shi ya sa za ka ga 23 da 37 a wasu shafukan.

Sai kuma dalilan mutane. Da yawa ba su san shekarar haihuwarsu ba, sai su faɗi adadi mai ƙarewa da 0 ko 5. Matar da ta girmi mijinta takan rage. Ana ƙara wa yaro shekaru don ya isa aiki. A Ailan an ga tsofaffi da yawa sun ƙara fiye da shekara 10 tsakanin 1901 da 1911, domin dokar fanshon tsofaffi ta 1908 ta sa 70 a matsayin shekarun karɓa, kuma rijistar haihuwa ta kowa da kowa sai 1864 aka fara ta a can. Ƙa'idar da muke bi: shekarun da aka rubuta wa mutum yana ƙaramin yaro sun fi kusa da gaskiya. Uwa ba ta cika rikita ɗan shekara 2 da ɗan shekara 6 ba, amma jika yana iya kuskure da shekara 8 idan aka tambaye shi shekarun kakarsa. Bambancin shekara 2 ko 3 ba abin damuwa ba ne idan sauran gidan sun dace. Ya kai 10, sai ka yi zargin mutum biyu ne, ko uba da ɗa masu suna ɗaya.

Wa ya ba da bayanin da ke kan takardar?

Galibi ba a rubuta ba. Yana iya zama maigida, ko matarsa, ko yaron da aka tarar a gida, ko maƙwabci idan an zo ba kowa. Ƙidayar Amurka ta 1940 ce ta sa alamar X a cikin da'ira kusa da sunan wanda ya amsa. A Ingila daga 1841 zuwa 1901 ana barin fom a gida, a dawo a karɓa, ma'aikaci ya kwafe shi cikin littafinsa, daga baya aka lalata na asalin. Wato abin da kake gani kwafi ne, kuma kowane kwafi dama ce ta sabon kuskure.

Sunan danginmu ya fito da rubutu iri-iri. Wanne ne daidai?

Duka ka karɓa. Ma'aikacin ƙidaya yana rubuta abin da kunnensa ya ji, mai amsawa kuma sau da yawa bai iya karatu ba balle ya gyara masa. Baƙi ma da kansu sun riƙa sauya sunayensu: Müller ya koma Miller, Schmidt ya koma Smith. Sunan yanka kuma yakan fito a gajarce ko da laƙabi: Wm na William ne, Jno na John, Jas na James, Thos na Thomas, Margaret tana iya zama Peggy, Mary ta zama Polly, Elizabeth ta zama Betsy ko Eliza. Wasu kuma da sunansu na tsakiya aka san su, sai ya fito a wata shekarar, na farkon ya fito a wata.

Akwai dabarar Soundex da ke tara sunaye masu kama da juna a furuci. Ana riƙe harafin farko, a zubar da wasula tare da H, W da Y, a ba sauran baƙaƙe lamba: B, F, P, V lamba 1, C, G, J, K, Q, S, X, Z lamba 2, D da T lamba 3, L lamba 4, M da N lamba 5, R lamba 6. Lamba uku ake ɗauka, idan ba su kai ba a cike da sifili. Robert da Rupert duka R163 ne. Inda take gazawa shi ne idan harafin farko ne ya canza, kamar Kohn da Cohn, don haka sai ka gwada kowanne daban. Yawancin shafukan bincike kuma suna karɓar alamar tauraro a madadin haruffan da ba ka da tabbas a kansu.

Sakamakon da shafin ya nuna mini bai isa ba? Dole sai na buɗe hoton?

Dole. Abin da ke fitowa idan ka buga suna fihirisa ce, wani ne ko na'ura ya karanta tsohon rubutun hannu ya buga. Manyan haruffan L da S, T da F, I da J suna kama da juna a rubutun wancan zamani, haka u da n, haka 1 da 7. Fihirisa kuma ba ta ɗaukar dukkan ginshiƙai, kuma ba ta nuna maka abin da aka soke ko aka rubuta a gefe. A takardun Ingila na 1911 za ka ga uba ya rubuta sunan yaran da suka rasu ko suka bar gida, ma'aikaci ya ja layi a kai. Sunayen suna nan ana karantawa.

Idan ka buɗe hoton, ka duba ko gidan ya ƙare a wannan shafin. Iyalin da ya faro a layukan ƙasa yakan ci gaba a saman shafi na gaba, kuma nan ne tsohuwa ko ɗan haya ke ɓuya. Sannan ka karanta shafi biyu kafin da biyu bayan. Ma'aikaci yana bin gida-gida ne, don haka waɗanda ke kusa a takarda maƙwabta ne, kuma a ƙauyuka maƙwabta sukan zama 'yan'uwa ko surukai.

Na tabbata suna garin, amma ban same su ba. Yaya zan yi?

Ka rage abin da kake bugawa. Cike kowane gurbi yana kore mutumin da aka yi kuskure a ɗaya daga cikinsu. Ka bar sunan dangi gaba ɗaya, ka nemi sunan yanka da shekarar haihuwa da gundumar kawai. Ka nemi yaron da ya fi kowa baƙon suna a gidan maimakon maigida. Ka gwada juya sunan, domin akan sa na yanka a gurbin na dangi. Ka gwada wani shafin: FamilySearch, Ancestry da Findmypast suna da fihirisa daban-daban ga wasu shekarun, kuskuren wannan ba lallai ya zama na wancan ba.

Idan duk ya ƙi, sai ka bi ta adireshi. Ka samo shi daga takardar haihuwa, ko ta mutuwa, ko littafin adireshin gari na shekarar da ke kusa. A Amurka tun 1880 an raba ƙasa yanki-yanki, kowane ma'aikaci da lambar yankinsa, kuma akwai taswirorinsu. Ka nemo lambar, ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Wata dabarar ita ce ka nemi maƙwabtansu na ƙidayar da ta gabata, ka duba gefensu.

Wani lokacin kuma da gaske ba sa gida. A Ingila a wancan zamani an riƙa rubuta mutum ne a inda ya kwana a daren ƙidaya, don haka ka duba gidan dangi, asibiti, barikin soja, jirgin ruwa, gidan marasa galihu. A wasu irin waɗannan wurare haruffan farko na suna kawai aka sa. Ƙidayar 1921 an ɗage ta daga Afrilu zuwa 19 ga Yuni saboda rikicin ma'aikata, sai ta tarar da mutane da yawa a garuruwan bakin teku suna hutu. A 1911 wasu mata masu fafutukar 'yancin zaɓe sun ƙi a ƙidaya su. Akwai kuma shafukan da suka ɓace, kamar wasu sassan ta 1861. Akasin haka ma yana faruwa, a rubuta mutum sau biyu: yarinya a gidan iyayenta da kuma gidan da take aikatau, ko mazauna New York da Philadelphia da aka sake ƙidayawa a 1870.

Na samu mutum biyu masu suna ɗaya da shekaru ɗaya a gari ɗaya. Ta yaya zan raba su?

Ka bi gidajen biyu gaba ɗaya, kowanne a takardarsa. Ka jera sunan mata, sunayen yara da tsarin haihuwarsu, sana'a, unguwa, da maƙwabta, a kowace ƙidaya. Wanda ba naka ba, ka bi shi har ka ga inda ya ƙare. Idan ka same shi a 1880 da wata mata a wani gari yayin da naka yake nasa gidan, ka fitar da shi da hujja. Zaɓen wanda ya fi kama ba tare da kore ɗayan ba shi ne hanyar da mutane ke ɗaukar zuriyar wasu su ɗora a kan tasu.

Zan iya amincewa da ginshiƙin dangantaka?

Ka tuna dangantakar da maigida ake aunawa, ba da matarsa ba. Wanda aka rubuta ɗa ne, ɗan maigida ne, amma ba lallai matar da ke gidan ce ta haife shi ba. Alamomin aure na biyu su ne tazara mai tsawo tsakanin yara, mace da ba ta girmi babban yaron da fiye da shekara 12 ko 13 ba, ko shekarun aure da suka gaza shekarun ɗan fari. Agola yakan fito da sunan dangin mijin uwarsa a wata shekarar, ya koma na mahaifinsa a wata. A takardun Ingila na ƙarni na 19, kalmar da ake amfani da ita ga suruki ana sa ta ga agola ma, don haka idan ka ga suruki ɗan shekara 7, agola ne. Jikan da 'yar gida ta haifa ba aure akan rubuta shi a matsayin autan kakanninsa. Wanda aka kira baƙo, ɗan haya ko bara kuwa sau da yawa ɗan'uwa ne.

A Amurka daga 1850 zuwa 1870 babu wannan ginshiƙi sam. Tsarin da aka saba shi ne miji, mata, yara daga babba zuwa ƙarami, sannan sauran mutane. Idan jerin shekaru ya sauko ya sake hawa, wani rukuni ne ya fara.

Ta yaya zan gano sunan dangin mace kafin aure?

Ƙidaya ba ta cika faɗa kai tsaye ba, amma tana nuni. Tsohuwa ko saurayi mai wani sunan dangi a gidan, wanda aka rubuta suruka ko ƙanin mata, shi ne mabuɗin. Ka kiyaye dai, tsohuwar tana iya kasancewa ta sake aure. Ƙidayar jihar Iowa ta 1925 ta tambayi sunan uba da sunan uwa kafin aure, abin da ba a cika samu ba. Tabbaci yana wurin takardar aure ko ta haihuwar yaro, wadda aka fara rijistarta a Ingila da Wales ranar 1 ga Yuli 1837, a Sikotland kuma 1855.

Kafin 1850 a Amurka sunan maigida kawai nake gani da lambobi. Akwai amfani?

Akwai, sai dai da haƙuri. Daga 1790 zuwa 1840 ana rubuta maigida, sauran a ƙirga su ta jinsi da rukunin shekaru. Ka ɗauki iyalin yadda ka gan su a 1850, ka rage wa kowa 10, ka fitar da siffar da gidan ya kamata ya kasance da ita a 1840. Saurayi mai 17 a 1850 zai faɗa rukunin maza 5 zuwa ƙasa da 10. Uwa mai 44 za ta faɗa rukunin mata 30 zuwa ƙasa da 40. Sai ka gwada siffar da kowane maigida mai wannan suna a gundumar. Ƙarin mutum ɗaya ko biyu ba ya kore gida, domin yana iya zama yaron da ya rasu ko ɗan aiki. Rashin gurbin wanda ka san yana raye shi ne ya fi ƙarfin hujja. Wasiyya, takardun rabon gado da na filaye su ne za su sa wa lambobin suna.

Me zan yi da shekarun da takardunsu suka ƙone?

Ta Amurka ta 1890 gobara ta ci ta a ginin ma'aikatar kasuwanci a Washinton a Janairu 1921, aka lalata ragowar daga baya. Sunaye dubu 6 da 'yan kai ne suka tsira. Giɓin shekara 20 ke nan, wanda ya isa a haifi yarinya a 1881 ta yi aure kafin 1900 ba ta taɓa fitowa a gidan ubanta ba. Ana cike shi da jerin tsoffin sojoji na 1890 da wani ɓangarensa ya rage, da ƙidayar jihohi irin ta New York ta 1892, da littattafan adireshi.

Ta Ingila da Wales ta 1931 ta ƙone a Hayes, kusa da Landan, a Disamba 1942, ba a kuma yi ta 1941 ba saboda yaƙi. Madadinsu ita ce rijistar 29 ga Satumba 1939, mai cikakkiyar ranar haihuwa. An ci gaba da gyara ta shekaru da yawa, don haka za ka ga an soke sunan budurwa an rubuta na aurenta a sama. Baƙin layin da ke rufe wasu sunaye na waɗanda ba su cika shekara 100 da haihuwa ba ne kuma ba a tabbatar da rasuwarsu ba.

Ailan ce ta fi asara. Na 1821 zuwa 1851 mafi yawansu sun ƙone a Dublin a 1922, na 1861 zuwa 1891 kuma gwamnati ce ta lalata su. Na 1901 da 1911 suna nan kyauta a intanet. Don ƙarni na 19 ana komawa ga ƙiyasin filaye na Griffith na 1847 zuwa 1864 da rijistar coci-coci.

Idan kakannin bayi ne a Amurka fa?

Ƙidayar 1870 ce ta farko da ta kawo sunayen mafi yawan waɗanda aka 'yanta. A 1850 da 1860 an yi wa bayi jeri daban, ƙarƙashin sunan mai su, da shekaru da jinsi da launi, kusan kullum ba suna. Ka samu iyalin a 1870, ka lura da masu filaye da ke kewaye da su, amma kada ka ɗauka cewa sunan dangin da suka ɗauka na mai su na ƙarshe ne. Da yawa sun zaɓi wani. Daidaituwar shekaru a jerin 1860 zato ne kawai. Sunaye suna cikin wasiyyoyi da takardun rabon gado na masu bayin, da takardun hukumar kula da 'yantattu ta 1865 zuwa 1872.

Wurin haihuwa yana canzawa daga shekara zuwa shekara. Me ya jawo?

Sau da yawa iyaka ce ta motsa. Polan ba ta kan taswira daga 1795 zuwa 1918, don haka mutum ɗaya zai ce Rasha, Jamus ko Ostiriya a 1910, ya ce Polan a 1920. Ginshiƙin harshen uwa zai taimaka maka. West Virginia sai 1863 ta balle daga Virginia. Gundumomi ma an yi ta raba su, iyali suna gida ɗaya amma takardunsu suna gunduma biyu. Wasu kuma sukan faɗi babban garin da ke kusa da ƙauyensu, ko inda suka tashi.

A ginshiƙin zama ɗan ƙasa na Amurka, Al na nufin baƙo ne har yanzu, Pa ya shigar da takardun farko, Na ya zama ɗan ƙasa. Mai Pa ko Na yana da fayil a wata kotu, kuma na bayan 1906 sukan faɗi garin haihuwa da jirgin da ya kawo shi. Shekarar shigowa da ke ƙidaya daga ƙwaƙwalwa aka faɗe ta, sai ka ba ta shekara 2 gaba da baya idan za ka duba jerin fasinjoji.

Yaya zan adana abin da na samu?

Ka sauke hoton shafin gaba ɗaya, har da kansa inda aka rubuta gunduma da rana. Ka rubuta inda yake yadda wani zai iya komawa: a Amurka shekara, jiha, gunduma, lambar yanki, lambar shafi, lambar gida da ta iyali, a Ingila lambar rukuni, wato HO 107 ga 1841 da 1851, RG 9 ga 1861 har zuwa RG 15 ga 1921, sannan lambar kundi da ta shafi. Ka kwafe suna da shekaru yadda aka rubuta su, ko da ka san kuskure ne, gyaranka ka sa shi a gefe. Ka yi wa kowane iyali jadawali guda, sunaye a tsaye, shekarun ƙidaya a kwance, ka cike shekarun kowa da wurin haihuwarsa. Nan take za ka ga wanda ya ɓace, wanda ya shigo, da shekarun da za ka nemi aure ko mutuwa a cikinsu. Ka kuma rubuta binciken da bai haifar da komai ba, da irin rubutun sunan da ka gwada, don kada ka maimaita shi bayan wata shida.

Na ga wani ya riga ya haɗa bishiyar danginmu a intanet. In kwafa?

Ka ɗauke ta a matsayin nuni, ka buɗe kowace takarda da ya jingina da ita ka karanta da idonka. Bishiyoyi 30 da suka faɗi abu ɗaya sau da yawa kwafin mutum ɗaya ne. Ka duba ko an ba mace haihuwa tana da shekara 9 ko 58, ko mutum ya fito a ƙidaya bayan ranar da aka ce ya rasu, ko iyali ɗaya suna jihohi biyu a shekara ɗaya da yara daban-daban. Inda mai bishiyar bai nuna takarda ba, ka rubuta masa ka tambayi inda ya samo, domin wani lokaci yana riƙe da wasiƙa ko hoton da babu shi a kowace ma'adana.